Hutun da Malam Bukar Ya Tara

Ban taɓa mantawa da safiyar da na iso asibitinmu na Ajingi na tarar da keken Malam Bukar jingine da darbejiya ba. Mutumin da a lissafina yana can tsakiyar Tafkin Chadi cikin kwalekwale, hutunsa ko rabi bai ci ba, sai ga shi durƙushe gaban risho yana dafa allurai. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ce, "Malam, lafiya kuwa? Ina Iya?" Mahaifiyarsa nake nufi. Ya ce, "Tana Balan. Habu, buɗe taga, mutane sun fara taruwa." Na je na buɗe taga.

Ku da kuka shigo aikin nan a baya-bayan nan, sai na ɗan koma da ku baya kafin ku gane.

A ƙarshen shekarun 1960 aka turo ni Ajingi. Abin da muke kira asibiti ɗaki biyu ne da baranda, na En'e, wato hukumar gargajiya, babu likita babu gado. Malam Bukar shi ne malamin asibiti, shi ke duba marar lafiya, ya faɗi magani, ya yi allura. Ni mataimakinsa ne, wankin miki da ɗauri da rabon ƙwaya duk nawa ne. Magani a Gaya muke ɗaukowa a bayan keke. Shugabanmu kuwa Alhaji Sule ne, mai duba asibitocin karkara, wanda ke zuwa daga Kano wata-wata ya ga abin da muke ciki.

Kowane ma'aikaci yana da hutun shekara, amma ba a rufe asibiti don mutum ya tafi hutu. Sai ka sanar da mai dubawa, shi kuma ya nemo wanda zai riƙe maka wurin, kuma samun mai riƙon nan aiki ne ja, don ba kowa ke son zaman ƙauye ba. Akwai kuma sassauci: idan shugabanka ya yarda, kana iya ɗage hutun bana ka haɗa shi da na baɗi. Wannan sassaucin shi ya ci Malam Bukar.

Shi haifaffen Balan ne, wani ƙauye kusa da Ajingi, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, amma asalinsu gabas ne. Mahaifinsa farken kanwa da banda ne, ya auro mahaifiyarsa, Ya Falmata, daga wani tsibiri a Tafkin Chadi, suka zo Balan suka sami gona suka zauna. Tun zuwanta ba ta koma ba. Mijin ya rasu, ita kuma tsufa ya kama ta, yanar ido ta fara rufe mata gani. Abu ɗaya take roƙon ɗanta: ya kai ta ta ga tsibirin da aka haife ta, ta tsaya a kan kabarin mahaifinta da ke wani tsibirin, ta kwana a ɗakin ƙanwarta da aka aurar a wani tsibirin daban. Ya yi mata alkawari, kuma na shaida ba alkawarin baka ba ne.

Ban taɓa ganin wanda ya shirya tafiya kamar yadda mutumin nan ya shirya wannan ba. Idan layi ya ƙare da rana, sai ya kwaso kwalaben magani da suka ƙare ya jera su a baranda. Babbar kwalbar maganin tari ita ce Baga, inda za su bar mota su shiga ruwa. Ƙananan kuwa tsibirai ne. Ya ɗauki ashana ya ce ita ce kwalekwale, ya riƙa tura ta daga wannan kwalba zuwa waccan.

"Nan za mu fara sauka, Habu, garin su Ya. Mu huta ta warware gajiya. Daga nan mu gangara nan, wajen kabarin. Nan kuma, in iska ta yi kyau, yini guda ne."

Na ce, "Malam, kai da ko kududdufin bayan kasuwa ba ka iya tsallakawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Jinin ruwa ne a jikina, kai ne dai mutumin Gaya, ɗan tudu. Ka san can shanu iyo suke yi daga tsibiri zuwa tsibiri, makiyayi na riƙe da ƙaho?"

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Wudil ba, na ce wannan kam tatsuniyar Iya ce. Duk ranar kasuwar Ajingi sai ya je rumfar masu banda ya tsare su da tambaya: wace mota ce ba ta kwana a hanyar Maiduguri, wa ke da kwalekwalen katako a Baga, don ba zai ɗora tsohuwa a kan na ciyawa ba. Ya sayi gidan sauro. Ya ɗinka mata katifar rimi ƙarama wadda za ta shiga kwalekwale. Atamfar da zai kai wa ƙanwar mahaifiyarsa ma ya saya ya adana a akwati.

Matsalar biyu ce. Ta farko, masu banda sun gaya masa ruwan ya fi cika lokacin sanyi, lokacin ne kwalekwale ke ratsa ko'ina. To lokacin ne kuma mu aiki ke hawa kanmu: ƙyanda ta shigo, tari ya kama yara, kafin ka farfaɗo zafi ya kawo sanƙarau. Ta biyu kuwa, ya auna ya ga hutun shekara ɗaya ba zai ishe shi ba, tafiya da tsohuwa ba a yi mata gaggawa. Sai ya yi abin da duk ɗan manomi zai yi. Mu da muka tashi muna ganin ana zuba gero a rumbu ya shekara ya jira mai shi, haka ya ɗauki hutu. Ya ce tarawa zai yi.

Alhaji Sule, Allah ya jiƙansa, bai taɓa hana shi ba. A gabana ya ce masa, "Malam Bukar, bana fa ka tafi. Zan nemo maka mai riƙo ko daga Wudil ne."

"Ranka ya daɗe, ga lambar rigakafin agana an fara, in bar Habu shi kaɗai? Bari in haɗa da na baɗi."

"To, Allah ya yi albarka. Da ina da irinka goma da na huta."

Haka zancen ke ƙarewa kowace shekara. Shi Alhaji ya huta da neman mai riƙo, mutanen gari sun ji daɗi malaminsu bai tafi ba, shi kuma Malam Bukar ya koma kan kwalabensa yana ƙara wa tafiyar tsibirai, tunda kwanaki sun ƙaru. Bayan lambar agana aka yi shekarar ƙyanda mai tsanani. Bayanta kwalara ta shigo, wadda ba mu taɓa ganin irinta ba, muka shimfiɗa mutane a ƙarƙashin darbejiya. Kowace shekara da dalilinta, kuma babu dalilin da za ka ce ƙarya ne.

A cikin haka idon Ya Falmata yana ta ja baya. Da farko tana gane fuska, daga baya sai inuwa, daga baya sai dai ta gane mutum da murya. Malam Bukar ya fi kowa sani, aikinsa ne. Wata rana na ce masa, "Malam, idon Iya fa." Ya ce, "Ko ba ta gani ba za ta ji ƙamshin ruwan, za ta ji muryar 'yar'uwarta. Saura kaɗan, Habu."

Masu banda ma sun fara canza magana. Wani dattijo a cikinsu ya ce masa, "Malam, in za ka je ka je. Ruwan nan yana gudu, bara inda muka ɗaure jirgi bana wake aka shuka." Malam Bukar ya dawo yana ba ni labari yana girgiza kai. Ya ce, "'Yan kasuwa ke nan, neman dalilin tsadar kifi suke. Tafkin da tun kakannin kakanni yake nan, ina za shi?"

Sai aka shiga babban farin nan na 1973. Gero ya bushe a tsaye, shanu suka zube, asibiti ya cika da yara masu kumburin ƙafa waɗanda ba magani suke nema ba, abinci suke nema. Wannan shekarar ko maganar hutu ba a yi ba. Sai da ƙura ta lafa, Alhaji Sule ya zo da mai riƙo a motarsa, ba tare da ya tambayi kowa ba, ya ce, "Malam Bukar, ga wanda zai zauna. Ba shawara na zo yi ba, tashi ka tafi."

Ni na raka su tasha a Gaya. Ya Falmata ta sha sabon zane, an turara ta da turaren wuta irin na mutanensu, tana ta magana da Barbarci tana dariya, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta kama hannuna ta ce, "Habu, zan kawo maka kifin da ba ka taɓa ci ba." Aka ɗora katifa da gidan sauro a saman mota, suka tafi.

To, ranar da na tarar da shi yana dafa allurai, sai da layi ya ƙare ya zauna a baranda ya ba ni labarin. Mai riƙon ya ga yanayinsa ya ba mu wuri.

Ya ce sun isa Baga lafiya. Ya nemi mai kwalekwalen da aka yi masa kwatance, aka nuna masa shi zaune a inuwar jirginsa, jirgin a kife a kan busasshiyar ƙasa. Ruwa ya yi nisa, ko hango shi ba a yi. Da ya faɗi sunan tsibirin mahaifiyarsa, mutumin ya ce, "Wannan ai yanzu amalanke ke zuwa." Suka ɗauki hayar amalanken shanu, ya shimfiɗa mata katifar da ya ɗinka don kwalekwale, suka bi ta cikin gonakin wake da fasasshiyar ƙasa. Tana ta tambayarsa, "Ba mu kai bakin ruwa ba?" yana cewa saura kaɗan.

Suka iso wani tudun yashi da 'yan bukkoki, yawanci babu kowa. Wani tsoho ya tabbatar masa nan ne, har ya san sunan kakansa. Ya tambayi mutanen garin, aka ce sun bi ruwa da shanunsu sun yi gabas. Ƙanwar mahaifiyarsa, wani ya ce ta bi su, wani ya ce ta rasu a shekarar farin. Tsibirin kabarin kuwa babu wanda ya yarda ya kai su, don tsakaninsu da shi caɓi ne da ciyawa, jirgi ba ya bi, amalanke ba ya bi.

Ya sauko da ita ya ce, "Ya, mun iso. Nan ne garinku."

Ta tsaya ta ɗaga fuska tana shaƙar iska. Ta sunkuya ta damƙi ƙasa ta murza. Sannan ta ce, "Bukar, an cuce ka. Ba a zuwa garinmu a kan amalanke. Ina ruwan? Ina kukan tsuntsaye?" Tsohon nan ya yi mata magana da harshensu, ya ambaci sunayen mutanen da ta sani, ta ce shi ma baƙo ne, an ba shi labari ne. Ta koma kan amalanke ta zauna ta ce a mayar da ita Balan, in ya sami wanda ya san hanya sa sake zuwa.

Nan ya tsayar da labarin. Ya tashi ya shiga ɗakin magani, na ji yana tattara kwalaben nan yana zubawa a kwandon shara. Wallahi ranar na yi baƙin cikin da ban yi ba ko a shekarar kwalara.

Abin da na koya game da aikinmu shi ne, marasa lafiya ba sa ƙarewa, kuma ma'aikacin kirki shi ne wanda aikin ya fi cinyewa, don shi ba a tilasta masa, yabonsa kawai ake yi. Shi ya sa da na zama shugaban asibiti ban taɓa sa wa kowa hannu a ɗage hutu ba. Wasunku sun ce ina da taurin kai, na sani, kuma ban damu ba.

Ya Falmata ta ƙara shekara guda a duniya. Ranar Juma'a nakan raka Malam Bukar Balan mu gaishe ta. Da ta ji ƙarar kekunanmu sai ta juyo da fuska wajen ƙofa, kafin ma mu gama gaisawa ta ce, "Bukar, yaushe za ka kai ni gida?"

Shi kuma ya durƙusa ya riƙe hannunta ya ce, "Da zarar an ba ni hutu, Ya."