Sifikar Mai Cigiya

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji ba, wallahi a kaina ya faru, shekarun da dumso, ɗauke wutar nan, ta addabi Kumasi. Lokacin ina da ɗan shago a Zango, jingine da katangar wani tsohon gida, ina gyaran sifika, wadda ta yage in sa mata sabon kwalin fuska da koyil, naɗin siririyar wayar nan ta ciki.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa daga Asawase, Mma Adiza, ta sauko daga trotro, motar hayar nan, da sifika naɗe a zani. Ba suna, ba lamba, duk tsatsa, amma da na ji nauyin maganaɗisun, na ga zubin ƙarfenta, na san ta Ingila ce ta da can, irin da aka daina yi.

Na ce, "Mma, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Ta maigidana ce, Allah ya jiƙansa. Da ita yake yawon cigiya da sanarwa a unguwa. Ɗana, ka gyara min in ba masallacinmu."

Sai da na je har Tafo kafin na samo kwalin da ya yi daidai da ita. Washegari bayan azahar ana tafka ruwa, ba wuta, na kankare tsohon gam, na saita koyil, na manna kwalin, ko wayoyin ban haɗa ba fa, sai na ji an yi gyaran murya. Na waiga, ba kowa. Kwalin kuwa, na rantse da Allah, yana hawa yana sauka a ƙarƙashin yatsuna kamar ƙirjin mai barci. Sai muryar dattijo, a natse, ta ce, "Salamu alaikum. Mai shago ya fito waje."

Kai! Ko takalmi ban nema ba, sai ga ni tsakiyar ruwa. Mai ƙosan tsallaken hanya tana dariya tana cewa, "Mai gyara, lafiya?" Ban kai ga ba ta amsa ba katangar nan ta rufto, ta bi ta kan kwanon shagon, ta murƙushe kujerar da na tashi a kai.

Da maƙwabta suka taya ni tono, sifikar na nan ƙarƙashin tebur, laka kawai ta shafa. Na ƙarasa aikin, na gwada da batir, ta yi "tup" kamar kowace sifika.

Da Mma Adiza ta zo ɗauka na kwashe duka na gaya mata. Ba ta ko yi mamaki ba, tana naɗe kayanta ta ce, "Haka maigidana yake. Sau ɗaya yake faɗa, wanda ya ji ya ji."

Na tambayi malamai, na tambayi abokan sana'a, har yau ba wanda ya ba ni amsa, kuma in na tuna muryar nan tsigar jikina tashi take. Ni dai shawarata, tsohon abu in ya shigo hannunku ku yi bisimilla kafin ku taɓa, don ba ku san wa ya riƙe shi ba. In kuma aka ce ku fito, ku fito tukuna, tambaya ta biyo baya.