Gaisuwar Yaya a Gindin Itacen Buda

Ana kiran assalatu muka isa gar, wato tashar mota, ni da yayana, kar, babbar motar Yamai, kuma ta ɗauke mu daga Damagaram gari bai gama wayewa ba. Muka wuni muna shan ramukan hanya. Kafin Maradi ƙuguna ya fara kuka, a Doso kuwa na daina jin ƙafafuna. Yaya tsohon mushen lise ne, wato malamin sakandare, tarihin duniya ya koyar har ya ajiye alli. Ciwon hanta ya kama shi, likitocin Yamai suka ce sai Indiya. Ni aka ɗora wa rakiya don cinikin yadi a Kano ya koya mini ɗan Ingilishi, shi kuwa Faransanci kawai yake ji.

Ba zan gajiyar da ku da labarin jirgi da asibitin Delhi ba. Mun yi makonni, an ɗebi jini, an yi hoto, an sake ɗiba. Rannan likita ya ja ni gefe ya ce ciwon ya ci ƙarfin magani, in mai da shi gida tun yana iya zama a kujera. Na koma ɗaki na ce wa Yaya an ce da sauƙi, sai shan magani. Haka muke yi a gida, ba a karya wa majiyyaci zuciya.

Sai ya ce tunda da sauƙi, yana so in kai shi Bodigaya, garin da mabiya Buda ke kai ziyara. Shekara da shekaru yana koya wa 'yan lakwal labarin wani itace a can, bai taɓa ganinsa ba sai a hoto. Ni tsorona ɗaya, kada rai ya yi halinsa a hanya, a ƙasar da ban san wa zai kama mini wanka da sutura ba. Amma na buɗe baki na ce, "To, Yaya."

Jirgin ƙasa muka hau zuwa Gaya, tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Mutane, jama'a! Ranar kasuwar Mirriya wasan yara ce. Mai shayi na wucewa yana kururuwa, shayinsa a ɗan kaskon laka, ka sha ka jefar. Na yi lissafin kuɗin da namu, bai kai dala goma ta kuɗin sefa ba, amma jefar da kasko ya tsaya mini a rai, har na ɓoye biyu a jaka. Yaya yana jingine da taga yana nuna mini gonakin shinkafa, ni ina kallon ƙirjinsa ko yana hawa da sauka.

Daga Gaya adaidaita ta kai mu, direban ba ya ɗaga hannu daga oda. Garin ƙarami ne, amma duniya ta hallara. Ga masu aski ƙwal da jan mayafi, ga masu ruwan ɗorawa, ga tsofaffin mata cikin fari suna tafe a jere. Nama kuwa sai dai ka yi mafarkinsa. Mun ci wani curin fulawa da ake gasawa a garwashin kashin shanu, da dakakken gauta. Yaya ya ci loma biyu ya ce ya fi tuwon asibiti. Muka sami masallaci kusa muka yi azahar, hankalina ya ɗan kwanta da na ga akwai Musulmi a garin.

A ƙofar wurin ziyarar aka karɓe wayoyinmu, can ciki muka tuɓe takalma. Mu dai kallo ya kawo mu, addininsu nasu, namu namu. Ginin dogo ne, ya tsuke daga sama. Wasu na ta zubewa a kan allunan katako suna tashi, ni da ke kallo ma na gaji. Muna tafiya muna tsayawa, Yaya na rataye a kafaɗata, har muka zagaya baya.

Ga itacen. Wallahi ɗan'uwan durumi ne, ganyen ne kawai ke da doguwar wutsiya. An kewaye shi da shinge, in ganye ya faɗo sai ka ga dattijo ya yi wuf ya tsince. A inuwar kuwa malamansu ne zaune a jere, idanu rufe, ko tari babu.

Nan Yaya ya yi abin da ya yi. Mutumin da ya koyar da labarin wurin nan, ya san shiru suke yi, amma ɗan Damagaram ne, bai iya wuce dattawa zaune a gindin itace ba gaisuwa. Sai ya ɗan rusuna ya ɗaga murya:

"Sannunku da hutawa! Ina gajiya? Ya jama'a?"

Idanu suka buɗe ta ko'ina. Mai gadi ya taho da sauri, yatsa a kan leɓe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai wani tsoho a cikinsu, ba haƙori ko ɗaya, ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya matsa gefe ya buga tabarmarsa da tafin hannu. Yaya ya zauna, ya jawo ni.

Tun ranar da likita ya yi mini magana nake cika Yaya da surutu, farashin yadi, damina, rigimar 'yan fada, don kada a yi shirun da zai tambaye ni. To ga inda aka hana magana. Ban jima da zama ba hawaye suka zubo, na rasa yadda zan tsai da su. Yaya ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Share fuskarka, kana ba mu kunya. Na sani."

"Ka san me, Yaya?"

"Kai da ba ka taɓa yarda da maganata ba tun kana yawo ba wando. Na ce mu tafi wata uwa duniya ganin itace, ka ce to. A nan na gane." Ya numfasa. "Na gani, ya isa. Kai ni gida."

Dawowa ta fi tafiya wuya. A filin jirgi a keken marasa lafiya aka tura shi, daga Yamai kuma kujera biyu na saya masa ya kwanta. Duk inda kar ta tsaya sai in taɓa hannunsa, shi kuma ya ce, "Ina nan, sarkin tsoro." Da duwatsun Damagaram suka bayyana ya ce in ɗaga shi ya gani.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ɓoyon da na yi ya fi hanya gajiyar da ni, kuma ban ɓoye wa kowa komai ba. Na bar shi yana ɗauke da abin shi kaɗai, ni ma ni kaɗai, alhali muna ɗaki ɗaya.

Yaya ya yi sati uku a ɗakinsa. Ya kira matarsa da 'ya'yansa ya gaya musu da bakinsa, ya nemi gafarar wanda zai nema. Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muka kai shi makwancinsa, kusa da mahaifinmu. Ni na yi masa wanka.