Faifan da Inna Ta Kai wa Baduku

Edita, a farkon shekarun casa'in ni saurayi ne ɗan wani ƙauye a gefen Doguwa. Iyayena makiyaya ne masu taɓa noma, kuma ni ne na farko a zuriyarmu da ya taka jami'a. Kasuwanci na karanta, na zaɓi ɓangaren sarrafa bayanai da kwamfuta, a zamanin da kwamfutocin sashenmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sai an bi layi kamar masu jiran famfo. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Aikina na kammala digiri tsari ne da zai nuna wa manoman rani na Tiga ranar da ruwa zai shiga gonar kowa, don a huta da rigima a bakin magudana. Duk wahalar shekarar tana cikin faifan kwamfuta ɗaya, irin baƙin nan mai lanƙwasuwa, mai faɗin tafin hannu. Ban yi na biyu ba.

Da na zo hutun ƙarshe, Inna ta ga ina lallaɓa shi kamar ƙwai, ta tambaye ni ko mene ne. Maimakon in zauna in yi mata bayani, sai na ce karatuna kaf yana ciki, in ya lalace na lalace. Ashe maganar ta tsaya mata a rai. Ranar kasuwar Tudun Wada ta zare shi daga jakata, ta kai wa badukun da ke ɗinka mata layu, ta ce ya killace shi yadda ruwa da gara da bakin mutane ba za su same shi ba. Shi kuwa bawan Allah ya yi aikinsa yadda ya gada: ya ninke shi gida huɗu, ya rufe da jar fata, ya bi da ɗinki, har da igiyar ratayawa.

Da yamma ta miƙo mini layar tana murmushi, na gane faifaina ne a ciki, ya tashi daga aiki. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, kuma har gobe in na tuna yadda ta sunkuyar da kai sai zuciyata ta yi ƙuna. Iyakar abin da ta ce shi ne, a saninta abu mai daraja ba a barinsa tsirara. Sai da na durƙusa na nemi gafararta kafin in hau mota.

A makaranta malaminmu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce ko in kawo aikin kafin a rufe karɓa, ko in maimaita shekara. Abokaina suka laƙaba mini Mai Laya, amma kowannensu ya bar mini layinsa na kwamfuta. Da na zauna sai na ga ashe baduku faifai kawai ya ninke, abin da na koya yana nan a kaina. Na sake gina tsarin tun daga tushe, ya ma fi na farko kyau, na kuma fita da sakamakon da har yau nake alfahari da shi.

Ranar da aka yaye mu, Inna ta zo cikin sabon zanenta. A gaban kowa ta ciro layar nan ta rataya mini a kan rigar digiri, ta ce ai ga shi ta yi aiki. Ban yi mata musu ba.

’Yan makaranta, duk aikin da kuka yi ku ajiye na biyu. Amma babban gargaɗina shi ne, kada boko ya hana ku zama ku fahimtar da iyayenku abin da kuke karantawa, domin ko sun gane ko ba su gane ba, sai sun tsare muku shi da iyakar abin da suka sani. Inna ta rasu tuni, Allah Ya ji ƙanta. Na yi aiki da kwamfutoci iri-iri, duk sun tsufa an zubar, amma layarta na nan rataye a ofishina.