Mutum Ɗaya a Bakin Teku

Wa maigidana ya zana tsaye shi kaɗai a bakin teku, ni ce ko shi? Har yau ban sani ba. Ina faɗa ina kuka, 'yata tana rubutawa.

Wurinta muka zo Setapak, unguwar da take zaune a ƙasar waje, korona ta rufe hanya, shi kuwa ya duƙufa zane. A zanen, ruwan toka-toka, sama ja kamar garwashi, mutumin ɗigon baƙi kawai, ba fuska. Na ce sai gobe in tambaye shi.

Da safe numfashinsa ya sarƙe. Masu motar asibiti suka hana ni bin sa, bai kuma dawo ba. Da za su fita da shi, a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Maman yara, kar ki taɓa shi, fentin bai bushe ba."