Dogo da Turke na Goma Sha Huɗu

Dogo ɗan gwaggona ne, taubashina. Tun muna yara, in ka ba shi agogo sai ya dawo maka da shi a kwano, ɗaiɗai. Da ya girma ya samu aiki a gidan rediyo, shi ke kula da doguwar eriyar nan ta bayan gari. Shekara goma sha tara yana goge ta. Na rantse matarsa ba ta samu rabin wannan kulawar ba.

Sai kamfanin wuta ya kafa manyan turakun ƙarfe, layi guda, ta gefen filin eriyar. Ba a yi sati ba ƙauyukan gabas suka daina jin tashar. Sai shuuu, kamar ana suya a cikin akwatin rediyo. Manaja ya kira Dogo.

"Wata ɗaya na ba ka. In gabas ba su ji mu ba, ka ajiye makullai."

"Ranka ya daɗe, na'urata lafiyarta ƙalau."

"To ni ne ba ni da lafiya?"

Sau uku Dogo ya kwance na'urar watsa shirye-shirye ya ɗaure, bai ga komai ba. Ya rame har inuwarsa ta fi shi ƙiba. Daga nan ya manna ƙaramar rediyo a kunne, ya bi layin turakun a ƙafa. Na bi shi rana ɗaya don in samu abin tsokana.

"Taubashi, ana fa cewa ka fara hira da ƙarfe."

"Rufe min baki, ina sauraro."

A turke na goma sha huɗu muryar mai labarai ta ɗauke. Ya ja baya taku talatin, ta dawo. Ya matsa, ta ɗauke. Ya yi min bayani: tsawon turken ya zo daidai da na eriya, sai ya cafe sautin ya sake watso shi, biyun su yi karo su kashe juna ta gabas. Maganin, a ɗaura wasu wayoyi a jikin turken, amma sai da izinin kamfanin wuta.

Takarda bakwai ya rubuta musu. Kullum oga ya fita. Ya daɗe a bencinsu har mai shara ta fara haɗawa da shi tana gogewa. Ranar ƙarshe ta wa'adin ya durƙusa wa manajan tashar, ya roƙe shi ya zo ya tsaya ƙarƙashin turken minti biyar kawai.

"Ni zan je in saurari turke?" in ji manaja. Ya miƙo hannu, Dogo ya zuba masa makullai. Ranar ban tsokane shi ba.

Yanzu yana gyaran rediyo a wani lungu ƙarƙashin bene. An kawo sabon injiniya, an canja na'ura, gabas har yau shuuu. Mutanen can ke cika masa shago da rediyoyi masu ƙoshin lafiya. Ba ya ko buɗe su. Sai ya kunna, murya ta fito tangaran, ya miƙa wa mai ita.

"Baba, ba abin da ya same ta. A hanyar gida, ka ƙirga turaku."