Ranar da Liman Ya Tona Asirin Kansa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata la'asar a masallacin unguwarmu da ke Fulatan ba. Limaminmu dattijo ne mai kamewa, wanda ciwon baya ya kama tun da amalanke ta kife da shi a hanyar gona. Shekaru muna ganin sai ya dafa bango yake miƙewa daga sujada, amma bai taɓa kai kuka wurin kowa ba.

Ran nan da ya sallame, sai ya juyo ya roƙi kada kowa ya tashi. Ya zaro katin ƙwayar tiramol daga aljihu ya ajiye a kan buzu. Ya ce likita ne ya fara rubuta masa ta 'yan kwanaki, shi kuma ya ci gaba da saya da kansa, daga ɗaya har ya kai huɗu a rana. In bai sha ba jikinsa rawa yake, ransa a ɓace, iyalinsa har tsoron shigowarsa gida suke. Akwai ranar da ya ji rayuwar ma ta ishe shi.

"Ba zan ci gaba da jan ku salla ina ɓoye wannan ba," in ji shi. "Na'ibi zai riƙe muku. Gobe zan tafi asibiti."

Wani tsoho ya ce, "Allah gafarta Malam, ai da ka rufa wa kanka asiri."

"Rufin asirin ne ya kawo ni nan," ya amsa.

Ni kuwa a lokacin irin ƙwayar tana aljihuna. Shekara biyu ina shanta saboda ciwon gwiwa, ko matata ba ta sani ba. Washegari na same shi a bakin titi yana jiran motar Rogo, inda asibitin yake. Bayan gaisuwa na zaro tawa ƙwayar daga aljihu. Ya dube ni, bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Mu je tare."

Wata da watanni muna zuwa, ana rage mana ƙwayar kaɗan-kaɗan, ana sauraron damuwarmu. Mun sha wuya. Ciwon bai rabu da mu duka ba, amma hankalinmu ya dawo, jama'a kuma da kansu suka mayar da shi limanci.

Daga gare shi na koyi cewa ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani, kuma mutum ɗaya in ya daure ya faɗi gaskiyarsa, yakan ceci wani da bai ma san yana sauraro ba.