Hatimin da Goggo ta kusa sha

Shekarar da hawan jini ya kama ni, ina koyarwa a wata firamare a Sabon Birni, wata ma'aikaciyar asibiti ta haɗa ni da ƙwayoyi, sannan ta ƙara mini da wani aiki. Wai in ɗiga ɗigo a tsakiyar takarda, in yi ta kewaye shi da zobe bayan zobe, ina cika kowanne da adon da raina ya so. Mandala ta kira shi. Na ce a raina, ni da gemuna? Amma na gwada, kuma wallahi in na zauna bayan La'asar ina zanen, sai in ji kaina ya daina sara.

A lokacin Goggo, ƙanwar mahaifina, tana wurinmu. Daga wajen Gangara ta taso da ƙullin kaya ɗaya, bayan 'yan bindiga sun watsa su, zaman ƙauye ya gagara. Matar da a da in ta yi faɗa har bakin rijiya ake jinta, ta koma ko murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura. Abinci sai an yi da gaske. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata rana ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Kai, yaushe ka koyi hatimi?"

Nan fa Shaiɗan ya hura mini kunne. Na gyara murya na ce, "Goggo, a hankali, ba kowa ake gaya wa ba. Na faɗuwar gaba ne."

"To yi mani guda."

Na ce ai ba ya ci sai mai shi ya zana da hannunsa, kullum ɗaya. Na ƙara da cewa ba a yin sa da yunwa. Ranar sai da ta share kwanon tuwo tas kafin ta karɓi alƙalami.

Ashe tsuliyar dodo na tsokano. Goggo tun tana budurwa take saƙar faifai, zobe bayan zobe ba baƙon abu ba ne a hannunta. Kwana uku ta wuce ni. Ta ɗauki nawa ta juya shi ta taɓe baki: "Naka hatimin karkatacce ne, shi ya sa har yau kake shan ƙwaya." Kafin sati biyu ta fara zagin awakin maƙwabta da cikakkiyar murya. Ni kuwa sai hura hanci nake, na zama babban malami.

Abin da na manta shi ne, a wurinmu rubutu ba ajiye shi ake yi ba. Ran Juma'a na dawo daga masallaci na tarar ta jiƙa takardun duka a ƙoƙo, ruwan ya rine da ja da shuɗin alƙaluman kala, tana bisimilla za ta kai baki. Na yi tsalle na riƙe ƙoƙon.

"Sake mani! Za ni shanye shi gaba ɗai in huta."

In na yi shiru ta sha tawadar kanti, in na faɗi gaskiya ta koma gidan jiya. Na durƙusa na ce, "Goggo, ƙarya na yi miki. Ba hatimi ba ne, zane ne kawai."

Ta rarumi maficin da ke gefenta ta sauke mini a ƙeya, sau biyu. "Ɗan nema! Ka sa ni alwala kullum don zanen banza?" Sai ta ƙura wa ƙoƙon ido, har na fara jin kunyar kaina.

Can ta ce, "Ke nan babu sunan Allah ciki?"

"Babu."

"To ina iya sa abin da na ga dama. Ba ni takarda babba."

A tsakiya ta zana rumbu. Ta kewaye shi da ɗakuna, ta kewaye ɗakunan da darni, tana yi tana gaya mini na wane da na wance, kowanne da kalarsa. Ɗaki ɗaya ta bari fari fat. Na autanta ne, wanda tun ranar da suka watse ba a ji ɗuriyarsa ba. Na miƙa mata jan alƙalami, ta ture hannuna.

"Bar shi hakanan. In ya dawo shi zai zaɓi kalarshi."